Jakar da Ba a Juyawa

Shekara talatin ina ɗinkin fata a Maɗunka.
In ina son sanin gaskiyar jaka
juya ta nake, ciki ya koma waje,
in bi ɗinkin da yatsa.
To ni, wa zai juya ni?

Wata bakwai wuta na ci a ƙasan ƙirjina.
Na sha kanwa, na sha sabara,
na yi sallama da yaji, na ɓata da goro.
Na ce sammu ne. Asabe ta ce taurin kai.

A asibitin koyarwa aka ce in zo ciki wayam,
daga tsakar dare ko ruwa kada ya wuce.

Dakta Murjanatu ta nuna mini abin:
baƙar igiya, kaurin ɗan yatsana,
fitila a bakinta, da ido ɗaya kamar na fara.
"Ba yanka, Malam Jelani, leƙawa ce.
Hanyar numfashi daban take, ba ruwanmu da ita."

Aka fesa mini ɗaci a maƙogwaro
har ya mance kansa.
Kwanta ta hagu. Ciji wannan roba.
"Haɗiye."
Na haɗiye, ido ya kawo ruwa,
na yi gyatsar da ba a yi gaban suruki.
Ta ce iska suke hurawa don ciki ya buɗe,
yadda nake cusa tsumma a tim-tim.

Na saci kallon allon.
Ashe haka nake daga ciki,
ja, mai laushi, ninki a kan ninki,
babu fatar akuyar da ta shiga hannuna da ta kai shi.
Sai ga shi can a lungu:
ɗan farin miki, bai kai ƙwayar wake ba.
Kai ne ka hana ni barci tun kafin damina?

Ta tsinko abin da bai fi tsinin basilla ba
don a duba ko ƙwayar cuta ce. Ban ji komai ba.
Bayan an zare, ta tambayi maganin ciwon baya
da nake jefawa da safe kafin koko.
Na yi shiru. Dama bakin bai dawo nawa ba.

Minti goma ke nan duka.
A keken da ya mai da ni gida
hoton na hannuna, ina bin gefen mikin da idon sana'a.
Da jaka ce aka kawo mini,
da na ce: bar ta nan, ba ta yarwa ba ce,
dawo bayan sati shida.