Hanyar Komawa

A Dalanzadgad, ranar da shayi ke daskarewa tun bai kai baki ba,
muka zare wa motar Baba zuciya.
Tsohon injin Rasha, mai shan fetur kamar ba gobe,
muka kwantar da shi kan taya a bayan shinge,
muka dasa mata na Japan, ɗan gwanjo, mai dizal.

Bugu ɗaya ta tashi.
Ƙanena Ulzi ya sumbaci ƙarfen don murna
har leɓensa ya manne.

Kwana uku lafiya lau.
Na huɗu, a hanyar Bayandalai, ta fara sambatu:
in taka burki, fitilar ciki ta kama,
in kunna ta hanya, allurar mai ta faɗi warwas
alhali tanki maƙil yake.
Waifa ta share busasshen gilashi
sau ɗaya, a hankali,
kamar mai goge ido kada a gani.

Ulzi ya ce Baba ne bai yarda ba.
Tsoho Tsedew, maƙwabcinmu, ya tsotsi lofensa:
"Sarnai, ko raƙuma takan ƙi ɗan da ba nata ba."
Ban tanka ba. Na ɗauko mita.

Dare biyu ina rigingine a ƙarƙashinta,
tocila a haƙora, bargo a baya,
yatsuna sun daina sanin nawa ne.
Fis goma, duk da ransu.
Batir ya ce sha biyu da ɗigo shida, bai yi ƙarya ba.
Jar wayar Rasha na nufin abu kaza,
jar wayar Japan na nufin wani,
ni ce tafinta a tsakani
da fensir da bayan kwalin sukari.

Sai na iso wurin aikin Baba.
Ƙulli bisa ƙulli a bayan sitiyari,
waya naɗe da ƙyallen tsohuwar rigarsa,
wata ɗaure da gashin wutsiyar doki,
wata kuwa ta tafi, ta tafi, ta ƙare a sarari,
wurin da yakan rataya kwan fitila
daren da tumaki ke haihuwa.
Na ce: ga ɓarawon nan.
Shekara talatin na maleji da dabara,
yau ni zan biya.
Na ɗora almakashi a wuyan ƙullin farko.

Ban san me ya sa na auna kafin in yanke ba.
Na auna. Wuta ta wuce sumul.
Na biyu ma. Na bakwai ma.
Ko ɗaya bai saki ba.

Asuba ta same ni zaune kan dusar ƙanƙara
ina kallon noti guda
a gindin inji, inda kitsattsiyar waya ke kama jikin mota.
Ƙarƙashinsa shuɗin fenti ne, sabo fil, hawa uku,
wanda na shafa da hannuna
don kada a ce motar Dambii ta tsufa.

Ashe wuta ba zuwa kawai take ba.
Sai ta koma inda ta fito.
In ka toshe mata ƙofar gida
takan bi ta ɗakin kowa,
ta tada fitila, ta firgita allura,
tana lalube.

Na kwance notin.
Na kankare kwalliyata da wuƙa
har farin ƙarfe ya nuna,
faɗin kwabo, bai fi ba.
Na ɗaure, na murɗa makulli.

Allura ta miƙe ta tsaya.
Na taka burki: ja a baya, duhu a ciki.

Ulzi ya leƙo da shayi mai gishiri,
ya ce, "To, me ke damunta?"
Na ce, "Tsatsa."
Sannan na nemo kwan fitila a aljihun ƙofa,
na maƙala a wayar nan mai ƙarewa a sarari.
Saura wata guda tumaki su fara.