Gabas Ta Koma Yamma

A Ɗa'ifa, hawa na uku, simintin bai gama shan iska ba,
na jingina zarto da kwalin tayil
ina jiran a ce ga inda kabad zai tsaya.
Kwana huɗu ina jansa daga bango zuwa bango
kamar akuyar da ta ƙi hanyar kasuwa.

Ramesan, mutumin Kerala, mai tsara ɗakuna,
ya tsaya tsakar falo, kamfas a tafin hannu.
Ya ce ilimin kakanninsa ne, Wastu suke ce masa:
wuta kudu maso gabas,
ruwa arewa maso gabas,
nauyi ya tare a kusurwar kudu maso yamma,
tsakiya kuwa a bar ta fayau.
Cibiyar gida ce, in ji shi, ba a ɗora wa cibiya kaya.

Ummu Mish'al ta zo da waya cike da hotuna:
kicin ba bango, farin dutse mai sheƙi,
fitilu uku masu lilo,
kujera ruwan toka doguwa kamar kwalekwale.
Ta ce ba ta da faɗa da kamfas.
Nata biyu ne: banɗaki kada ya dubi alƙibla, kada ya ba ta baya,
tsohonta kuma a bar masa wurin darduma
inda jikoki ba za su gitta ba.

Ni dai shiru. Wa ke tambayar kafinta?
Amma Kaka Tabawa na magana a kunnena tun daga Maigatari:
Tanimu, ƙofa ba ta kallon gabas, ta nan hadari ke zuwa da fushi.
Randa sai inuwa. Murhu sai bayan iska.
Ba ta taɓa ganin kamfas ba,
yatsa take lasa ta ɗaga sama.

Ranar da na fara aiki nan, azahar ta yi,
na dubi mafitar rana na ɗaga hannu zan yi kabbara.
Wani mai fenti ɗan Yaman ya kama kafaɗuna
ya juya ni kamar tulu.
Makka tana ƙasan dutsen nan, yamma.
Shekara talatin ina cewa zan fuskanci gabas,
ashe ƙasar da ka taka ce ke raɗa mata suna.

Aka yi ta ja-in-ja.
Bututun gas ya fito ta arewa, ya ƙi jin yaren kowa.
Aka ƙara mita shida, aka ɓoye shi bayan katakona.
Madubi ya bar gaban gado.
Kujera ta rasa gaɓa ɗaya kafin cibiya ta numfasa.
Kabad ya tafi kudu maso yamma, na ɗaure shi da ƙusa tun kafin a sake shawara.

Sai tsohon ya hawo, yana dogara sanda, yana haki.
Bai dubi zane ba, bai dubi waya ba.
Ya bi iska har taga ta ƙarshe,
inda ƙamshin gonar wardi ke shigowa in la'asar ta yi sanyi,
ya buga sanda sau biyu: nan.
Ramesan ya duba kamfas, ya yi dariya, ya sa shi aljihu.

Da dare na koma ɗakinmu, mu shida, gado bisa gado.
Ramesan ya ce kada in kwana kai a arewa.
Na gode masa. Amma in na sa kai arewa
na kwanta a hannun dama,
fuskata na duban Makka,
bayan Makka teku, bayan teku Sudan, sai Chadi,
sai wata ƙasa mai yashi a bayan gari
inda aka kwantar da Tabawa tana duban gabas.

Haka muke kwana, ni da ita,
fuska da fuska,
Ɗaki ɗaya a tsakaninmu.