Gunduwa Huɗu

Shekara shida ina feɗe kifi a Grimsby,
kifin da ban taɓa ganin idonsa a ruwa ba.
A daskare yake zuwa, cikin kwali,
ni kuwa jikan masunta ne daga Yawuri.

Ran Asabar na shiga shagon Holroyd,
tsoho mai tabarau a ƙarshen hanci.
Ya sauko da sanda biyu daga bango.

Ta fari miƙaƙƙiya, ba ɗori,
ƙafa tara, tana gaida rufi.
Ya ce, "Riƙe. Rufe ido."
Ya ɗora tsininta a maƙogwaronsa, ya yi magana,
sai ga muryarsa a tafin hannuna.
Haka gorar kakana take:
tarwaɗa na shinshina koto a ƙasan Kwara,
ba ta gama shawara ba, shi ya riga ya sani.

Ta biyu gunduwa huɗu ce a jaka,
ba ta fi laima tsawo ba.
"Wannan tana shiga bas," in ji shi,
"amma ka dinga duba gaɓoɓinta.
Inda ta saki, nan take karyewa,
kuma sai ranar babban kifi."

Na tsaya lissafi.
Ba mota. Ɗaki a hawa na uku,
matakala a lanƙwashe kamar ƙugiya,
katifa ma da ƙyar ta hau.
Kubura ta ce ba mai rataye mata komai saman gado.
Direban Cleethorpes kuwa
ko keken jariri ya gani sai ya yi tsaki.

Zuciya ta ce doguwar.
Matakala ta fi ta baki.

Fam sittin da biyar na ajiye.
Ya yi mini gyara da guntun kyandir:
"Shafa a gaɓa, kada ta cije."

Yanzu in na tashi daga aikin dare
sai bakin Humber, iska na yankan kunne,
ina ɗora wannan kan wannan,
ina lallashin zobba su dubi juna.

Jiya wani abu ya ja zare.
Jan ya ratso gaɓa uku,
ya iso a makare, a gajiye,
kamar muryar Inna ranar da layi ba kyau.
Amma ya iso.

Na ɗago. Ciyawar teku ce.
Na cire ta, na hura yatsuna,
na sake jefawa.