Sili Ɗaya

A Panteka, bayan layin masu narka tukwane,
akwai wani shago mai faɗin tabarma biyu.
A nan Malam Sallau ya koya mini fere waya,
tun kafin yana ta rufe masa idon dama,
na hagun ma ya soma bin sawu.

Ranar farko bai ba ni filaya ba.
Babban yatsansa ya miƙo in duba:
wani tabo fari fat, sumul,
kamar an ɗiga masa narkakken kyandir.
Ya ce, "Tasalla, a kashe rediyon yake,
da hannuna na zare filogi.
Amma kafasita tana da riƙo,
irin mutumin da ya ce ya yafe, bai yafe ba.
Ki sauke mata fushinta, ki auna da mita,
sannan ki kai hannu."

Na koyi fere rigar waya ba tare da cizon jan ƙarfe ba.
Na koyi murɗa silinta dama,
inda sukuru zai juya,
don ya rungume ta, kada ya tofar.
Ruwan ƙasa mai rai, shuɗi abokin tafiya,
kore da rawaya ƙofar gudu in gida ya rikice.
Bai yarda waya ta fito tsirara bakin mazauninta ba,
ko da tsawon ƙwayar shinkafa.

Wata Alhamis Iya Lantana ta zo daga Tudun Wada,
da sitabilaiza a ka, tana warin ƙauri.
Zoɓonta na ɗumi a firij, gobe Juma'a, ranar ciniki.
Na kwance murfi.
Wani ya riga ni shiga:
ya ƙulla wayoyi kamar igiyar akuya,
ya naɗe da ledar burodi.
Ledar ta narke, ta manne, ta yi baƙi.

Na yanke ruɓaɓɓen, na fere sabo.
Ina ɗora dalma sai NEPA ta ɗauke.
Muka tura tsohon ƙarfen cikin garwashin mai shayi,
ta zauna a benci tana kaɗa ƙafa,
tana duban rana, tana dubana.
Na yi sauri. Ban ɓoye ba, na yi sauri.
Dalma ta kwanta, ta yi ƙyalli,
na ɗauko murfi.

"Kawo," in ji shi.

Bai kalla ba, me zai kalla da shi?
Ya bi haɗin da ɗan yatsa, a hankali,
kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Ya ja wannan, ta riƙe. Ya ja waccan, ta riƙe.
Sai ya tsaya.

Sili ɗaya.
Bai kai kaurin gashin gira ba,
ya bauɗe daga 'yan'uwansa,
yana leƙen maƙwabciyar waya.
Ni mai ido biyu ban gan shi ba.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Cewa ya yi, "Jikokinta nawa ke kwana a ɗakin firij ɗin?"
Iya Lantana ta ce huɗu,
ba ta san me ya sa ya tambaya ba.

Na narkar da aikina duka, na sake daga fari,
har aka kira la'asar.
Ta biya tana mita, wai mun cinye mata yini.

Yanzu ni ke buɗe shagon, shi yana gida a Rigasa.
Duk haɗin da na gama, sai in rufe ido
in bi shi da yatsa, in ja.
Yaran layi suna dariya, wai barci nake a tsaye.
Jiya na bi ta Tudun Wada, na sayi zoɓo,
sanyinsa har cikin haƙori.
Ba ta gane ni ba. Na karɓi canjina.