Saki

Wata bakwai ke nan da Lauya Ampofo
ya sauke ta a ƙofar gidana a Aboabo,
kwikwiya mai launin zuma, kunnuwa sun yi mata yawa.
Ya ce, "Tanimu, ka koya mata ɗauko tsuntsu."
Mutari mai shayi ya yi dariya har ya ɓarar da madara:
"Da furfurarka, malamin karnuka?"
Na ce karya ce, ba ƙarya ba.
Na ware mata kwano, na rataye butata a ƙusa.

Zauna. Da ita muka fara.
Guntun busasshen kifi tsakanin yatsu,
gindi ya taɓa ƙasa, lada ya sauka.
Kwana uku ta haddace.

Ƙafa, wato ki bi hagu na,
kafaɗarki daidai gwiwata,
ko da mai tsire na fifita wuta a bakin titin Asawase.

Tsaya ce ta ci mana wata biyu.
In jefa ƙunshin tsumma can cikin ciyawa,
jikinta na rawa kamar murfin tukunya a kan murhu,
amma ba izini sai na kira suna.
Sau nawa ta karya?
Sau nawa na dawo da ita inda ta tashi,
ban daka ba, ban yi tsawa ba,
don wanda ya ji tsoron hannunka ba ya kawo maka komai.

Duba: ki ga inda ya faɗi, ki riƙe wurin a ido.
Zuma! Sai ta ɓalle.
Ɗauko. Kawo.
Ranar Asabar mu yi sammako zuwa madatsar Owabi,
ta faɗa ruwa, kai kaɗai ake gani,
ta fito ta girgije a kaina, ni da zan yi azahar da rigar.

Akwai abin da nake kira ɗaukon makaho.
Ba ta ga faɗuwar komai ba.
Usur ɗaya, ta juyo ta zauna tana kallona.
In miƙa hannu dama, ta yi dama.
In ce can, ta ƙara nisa cikin duhun ganye
kan maganata kawai.
'Ya'yana huɗu, babu wanda ya taɓa yarda da ni haka.

Sai laushin baki.
Na sa mata ƙwan zabuwa tsakanin haƙora,
ta zagaya tsakar gida, ta dire shi a tafina
da ɗuminsa, ko tsaga babu.
Mutari da ya gani, bai ce komai ba,
ya dai ƙara mini sukari.

Jiya Lauya ya zo.
Ya yi mata Turanci, ta kalle ni.
Ya yi mata Tuwi, ta yi hamma.
Sai na juya takardar kuɗin wuta
na rubuta masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.
Ya karanta ɗauko, harshensa ya ƙi lanƙwasa,
muka maimaita sau biyar a tsaye cikin rana,
babban lauya da ɗalibarsa suna jiran in ce daidai.

Da aka buɗe bayan mota
ta koma ɗaki da gudu, ba wanda ya aike ta,
ta fito da tsohon silifas ɗina, na hagu,
ta zauna a gabana yadda na koya mata,
kai sama, baki a rufe, ba matsi.

Kalma ɗaya ta rage a takardar.
Ita ce ta ƙarshe a kowane ɗauko,
na faɗe ta sau dubu ban ji nauyinta ba.
Lauya ya duba agogo.
Na durƙusa, na tara hannu ƙarƙashin haɓarta.

Ta saki tun kafin in faɗa.

Kwanon yana nan bayan ƙofa.
Matata ta ce a ba masu gwangwani.
Na ce tsaya.