Kwadon da Ido Ba Ya Gani

Babana makulli yake yankawa a Tsohuwar Kasuwa.
In kwado ya ƙi buɗuwa, sai ya kara shi a kunne,
ya ce, "Hajo, fara sanin cikinsa kafin ki ɗauki zarto."

Yau ni ma kwado nake saurare
a ɗakin bincike, can Dundaye, bayan la'asar,
kwadon da tsinin allura ya fi shi girma sau dubu.

Ƙwayar zazzaɓin sauro na da ganuwa ta kitse,
a jikin ganuwar akwai ƙofa,
furotin ne, a naɗe kamar igiyar guga,
ta nan take jan sukari daga jinin yara.
In na san surar ƙofar, na san abin da zai toshe ta.

Amma raba ta da kitsenta
tamkar fid da kifi ne daga gulbin Rima.
Ka sa sabulu kaɗan, ta ƙi fitowa,
ka ƙara, ta warware a hannunka.
Wata bakwai ina awon sabulu.

Ran Talata, tsakiyar bazara, aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Mode ya hau babur neman ƙanƙara,
ya dawo da ita a buhu, rabi ta tsiyaye a hanya.
Kwalba tara muka rasa. Biyu suka tsira.

Su muka aika ƙetare, inda babban madubi yake.
Hoton ya iso cikin dare, dishi-dishi,
kamar sawun raƙumi da iska ta bi ta kai.
Na juya shi a kwamfuta, na sake juyawa,
sai ga wani ɗan lungu ta gefen hagu,
wanda ƙofar jikin mutum ba ta da irinsa.

Ban yi guɗa ba. Lungu ba magani ba ne.
Daga shi zuwa kwalbar asibiti tafiyar shekaru ce,
kuma Ige, ɗiyar ƙanwata, ba ta jira ba,
damina biyu ke nan.

Da safe na kai wa Baba takardar.
Yana ta rufe masa ido, da yatsa ya bi zanen.
Ya ce, "Haƙori nawa mabuɗinsa zai ci?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya miƙo min, ya jawo zartonsa,
ya ce, "To, koma ki saurara."