Daren da Baba Maikano Ya Yi Jamusanci

Ni dai kukuma aka ce in kawo.
Dubu biyar da kuɗin acaɓa,
zauren 'yan fansho, bayan Wunti,
in an sallame isha'i. Ban tambayi komai ba.

Baba Maikano ne ya hau dandamali,
gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Shekara goma sha tara yana ɗaure noti
a kamfanin tarakta, kafin a garƙame shi
ciyawa ta haye kan injuna.
A can wani Bature mai yawan tari,
wanda ba ya ga maciji da manyansa,
ya bar masa littafi ranar da zai tafi,
bango baƙi, gefe ya sha baƙin mai.

Ya buɗe. Ya gyara murya.
Harshen ya fito
kamar ana jan buhun tsakuwa a kan kwano,
kalma guda, tsawon tirela,
sai ta kai gaɓa take taka birki.
Yara a baya suka fashe da dariya.
Ni ma na danne tawa da haɓar riga.

Na raɗa masa, Baba, wane take zan bi?
Ya ce, kada ka bi ni.
Yi mini gardama.

To. Na goga ƙaro a izga,
in ya hau in sauka,
in ya yi tsawa in yi kukan sauro,
in ya yi shiru in cika wurin da ƙaiƙayi.
Ni da na saba kiran sunan mai kuɗi
har ya sa hannu a aljihu,
yau babu sunan kowa a bakina.

Can ya ajiye Jamusancin, ya juyo da Hausa:
wai maƙeri aka ce ya ƙera sarƙa,
ya ce a ba shi awon wuya,
aka ce gwada da naka.
Wai kogi ne ya ƙi daskarewa
don ya riƙa kai gawa ƙofar masu gari.
Wai mai haƙa kabari ya shiga yajin aiki,
matattu suka yi layi da takardu a hannu,
kowa yana jiran a tantance shi.

Nan dariya ta mutu.
Kujerun roba suka daina motsi.
Babban baƙo ya duba agogo,
ya tuna yana da wani taron.
Inna Dudu, wadda mijinta ya faɗi a irin wannan layi
da fayil a hammata, bai tashi ba,
ta miƙe tsaye. Ba ta ce uffan ba.
Tsayuwar kawai ta yi.

Wuta ta ɗauke.
Ba wanda ya kunna fitilar waya.
Baba ya ci gaba da ka,
ashe littafin ado ne, tuntuni ya haɗiye shi.
Yanzu ban san wanne yake yi ba,
nasu ko namu,
maƙogwaro ɗaya ne, gishiri ɗaya.
Ina jin numfashin mutum saba'in a duhu,
ina jin izga tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya,
na ƙarasa da abin da ya rage.

Ba a yi tafi ba. Ba a yi liƙi ba.
Wani tsoho ya ce a maimaita na maƙerin.

A waje Baba ya ƙirgo mini dubu uku,
ya ce sauran sai an biya su.
Na ce Allah ya kai mu. Mu duka muka yi dariya.

Ran Asabar ina wasan biki a Yalwa,
ango ya fito, babbar riga tana ɗaukar ido,
na buɗe baki zan wasa kakansa,
sai kukumar ta ja baya,
ta soma yi mini gardama.